Ummaru Mai Sunsunar Kwamfuta

Duk wanda ya zauna da Malam Ummaru, ko da na yini ɗaya ne, ya san ba a miƙa masa abu ya karɓa kamar sauran mutane. Hanci yake fara kai wa. Rediyo ce, agogo ne, tocila ce, sai ya ɗaga, ya lumshe ido, ya ja numfashi kamar mai zaɓen turare a kasuwa, sannan ya buɗe baki. In ya ce, "Wagga ta ƙone ta baya," to ku buɗe bayan, wallahi za ku tarar da ƙunar. In ya ce ruwa ya taɓa ta, ko mai ita ya rantse, daga baya sai matarsa ta tuna ranar da aka manta da ita a tsakar gida. Ranar da na sayi motata ta farko na kai masa ya sa albarka, mutumin nan sai ya buɗe gabanta ya cusa kai. Ya ɗago, ya share hanci, ya ce, "Ɗan Gwaggo, Allah shi sa alheri. Amma an cuce ka."

Kuma an cuce ni ɗin.

Ni taubashinsa ne. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kirana Bello ba, sai Ɗan Gwaggo. Don haka 'ya'yansa da jikokinsa, ku yi haƙuri da ni. Abin da zan faɗa a kansa na faɗa a gaban idonsa ya fi a ƙirga, kuma ya rama da wanda ya fi shi zafi.

Asalin aikinsa gyaran keken rubutu ne a wani ofishin gwamnati a Sakkwato. Da aka yanke mana jihar Kebbi aka raba ma'aikata, sai ya faɗo cikin waɗanda aka turo Birnin Kebbi, aka ba shi gida a unguwar Gesse. Ranar tashi, mota ɗaya aka haɗa su da wani maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya loda gado da kujeru da tukwane. Ummaru kuwa kwalaye ya fara lodawa, ɗaya bayan ɗaya, yana tallafe da su kamar jarirai, yana yi wa masu dako tsawa. Kafin a zo kan gadon matarsa Kulu, wuri ya cika. Kulu ta ce, "Malam, bisa mi za mu kwana?" Ya ce, "Kulu, gado ko'ina akwai kahinta. Waɗanga in sunka ɓace, ba mai sassaƙa mini su." Wata biyu suna kwana a tabarma kafin gadon ya biyo su.

Abin da ke cikin kwalayen nan tsofaffin kwamfutoci ne. Masu ƙananan shekaru ba za ku gane irinsu ba. Wata ba ta da fuska ma, kamar faranti ce mai kauri da maɓallai a kai, sai an jona ta da talabijin sannan a ga rubutu. Wata da kaset irin na rediyo ake ba ta aiki. Wata da faifai mai faɗi, mai laushi kamar kwali. Ko a wancan lokacin an daina yayinsu, ofisoshi sun fara sayen sababbi. Shi kuwa Ummaru yana bin su duk inda suka faɗi: wajen malaman ƙasashen waje da suka gama koyarwa za su koma gida, wajen 'yan gwangwan, wajen duk wanda ya ce yana da wani akwati da bai san amfaninsa ba. Ya kawo, ya kwance, ya wanke, ya liƙe da dalma, ya ciro abu daga wadda ta mutu ya ƙara wa mai rai. Ranar da wata ta tashi bayan watanni tana kwance, sai ka ga ya sa babbar riga, ba biki ba suna.

Da yake mahaifiyarsa 'yar masuntan Argungu ce, duk sunayen kifi ya raɗa musu. Akwai Tarwaɗa, baƙa mai santsi. Akwai Karfasa. Akwai Kurungu, wadda in tana karanta faifai sai ta riƙa gurnani. Sannan akwai Giwan Ruwa, babbarsu kuma 'yar gaban goshinsa, wadda ya yi shekaru yana ƙara mata ƙwaƙwalwa da kayan ciki har ta fi yadda masu ƙera ta suka yi ta.

Na taɓa tambayarsa, "Wai Ummaru, mi waɗanga abubuwa ka yi maka?"

Ya ce, "Kai da ka cika gida da tattabaru, wasiƙa suka kai maka?"

Ban sake tambaya ba.

Ku da kuka shiga ɗakin nan lokacin bazara, kun san abin da zan faɗa. Zafin Birnin Kebbi ba sai an ba wa kowa labari ba. Fanka ɗaya ce tak mai tsayuwa a gidan, kuma tana ɗakin kwamfutoci, ta juya wa mutane baya ta fuskanci teburi. Wata rana wani babban mutum daga wurin aikinsa ya zo gaishe shi, mai jiki ne, ya sha shadda mai sitaci. Ummaru ya shimfiɗa masa darduma a ɗakin, ya kawo ruwan randa, aka shiga gaisuwa. Minti goma ba a yi ba shaddar nan ta manne masa a baya. Bawan Allah ya yi haƙuri, ya yi fifita da hula, ya gaji, sai ya miƙa hannu a hankali ya juyo da fankar wajensa. Ummaru bai katse maganar da yake yi ba. Ya miƙa nasa hannun ya mayar da ita.

Baƙon ya ce, "Haba Malam Ummaru! Mutum da ƙarfe?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, kai Allah ya ba ka zuhwa. Su ba su da ita."

Kai jama'a! Mutumin ya yi dariya har hawaye ya haɗu da gumi. Daga ranar, in zai zo sai ya taho da maficinsa.

Sai labarin kaset. Wannan ni na jawo shi, kuma ban yi nadama ba. Za mu sunan wata 'yar uwarmu a Argungu, motata tana wajen makaniki kamar yadda ta saba, muka shiga ta haya. Mun ɗan yi nisa sai rediyon motar ya cinye kaset ɗin waƙar da direba ya sa. Direban ya yi tsaki ya ce, "Akwai mai kaset cikinku? Ni ba ni iya tuƙi shiru." Ummaru na gyangyaɗi kusa da ni, ga kaset ya leƙo daga aljihun rigarsa. Na san ko na mene ne. Na zare shi a hankali na miƙa gaba. Direba ya duba rubutun da ke jiki ya ce, "Kurungu? Sabon mawaƙi na?" Na ce, "Sabo hul. Sa ka ji."

Wanda bai taɓa jin kaset ɗin kwamfuta ba, ya ɗauka an haɗa kukan gyare da na ƙofa mai tsatsa da na jaririn da aka yi wa allura, an ƙure murya. Ƙiiiiii! Ƙurrrrr! Direba ya taka birki har kwandon albasar wata tsohuwa 'yar Augie ya kife a kan ƙafafunmu. Tsohuwar ta kama a'uziyya da ƙarfi. Wani mutum a baya yana cewa a buɗe masa ƙofa, inji zai kama wuta. Akuyar da aka ɗaure a but ita ma ta sa baki.

Ummaru ya farka, ya ji sautin, ya ga direba ya kai hannu zai kashe. Sai ya daka tsawa: "Kak ka taɓa! Bar shi!"

Direba ya ce, "Malam, wace irin waƙa ta wagga?"

"Ba waƙa ba ta. Lissahin lokuttan salla na, ni nar rubuta shi."

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, wagga murya ba ta masu salla ba ta."

Bai kula ta ba. Ya karkata kai wajen lasifika, ya lumshe ido, muna tsaye a gefen hanya, kowa ya toshe kunne. Can sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ji nan! Kun ji inda yad dushe? Nan na ya ɓaci! Wata biyu nika neman wurin ga, rediyona ba ya hidda shi." Ya dubi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya kamar yana jiran a taya shi murna. Ba wanda ya taya shi. Har muka isa Argungu bai yi mini magana ba, har aka ci abincin suna bai dube ni ba. Sai da muka kama hanyar dawowa ya matso ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ɗan Gwaggo, direban ga, kullum shika bin hanyag ga? Ina da sauran kaset huɗu."

A Argungun nan dai aka yi ta kaza. Labari ya iso masa cewa akwai wata tsohuwa, Inna Hajo, wadda ɗanta ya taɓa yi wa wani malami baƙo aikin girki, da malamin zai koma ƙasarsu ya bar masa wani kwali. Ɗan ya tafi neman abinci kudu, kwalin yana nan a ƙarƙashin rumbu. Ummaru ya tasa ni gaba muka je. Inna Hajo ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta nuna mana rumbu. Muka durƙusa muka leƙa. Ga kwali a buɗe, ga kwamfuta a ciki lafiya lau cikin sosonta, ga kuma wata jar kaza ta baje a kanta tana kwanci, tana hararmu.

Ummaru ya miƙa hannu. Kazar ta sare shi. Inna Hajo ta ce, "A'a, Malam. Akwatin naka na, na ba ka don Allah, ban san abin da za ni yi da shi ba. Amma ba a tada mini kaza. Jiya-jiya tah hau."

Ya roƙa. Ya ce zai mayar da ƙwan cikin kwando da hannunsa, ɗaya ba zai fashe ba. Ta ce in aka taɓa ƙwai kazar za ta ƙi su. Ya ce zai kawo mata kaza biyu. Ta ce ita wannan take so, jikar kazar da mijinta ya bar mata ce. Nan aka tsaya.

To, ku ji taurin kai. Mako uku ake kwancin kaza, kuma duk Asabar ɗin cikinsu Ummaru yana Argungu. Mutumin da ba ya sayen kusa sabuwa, sai dai ya tsinci tsohuwa ya miƙar da ita da guduma, shi ne yake shiga mota takanas don ya duba lafiyar kaza. Yana kai mata tsaki a leda. Da ya ga hadari ya fara haɗuwa, ya je ya kewaye rumbun da buhuna don kada feshi ya shiga. Ya zauna a kan turmi yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Maƙwabta suka fara tambayar Inna Hajo ko wani malamin duba ta samo. Asabar ta biyu na raka shi, na ji shi da kunnena yana ce wa kazar, "Ke dai ki ji tsoron Allah, in za ki yi kashi ki hita waje."

Ranar da ta ƙyanƙyashe, 'yan tsaki tara, Inna Hajo ta aiko. Ya je da abin godiya, kuma ba za ku taɓa cankar ko mene ne ba. Wani tsohon akwatin talabijin ne na katako da ya kwashe kayan cikinsa, ya cire gilashin ya sa raga, ya yi masa ƙofa a baya. Akurki ke nan. Ya ajiye shi a tsakar gida, kaza ta shige da 'ya'yanta, yaran unguwa suka taru suka zauna a gaba suna kallo. Inna Hajo ta riƙe baki. Ummaru ya rungumi kwalinsa ya ce, "Inna, duk Argungu kazarki ta ta farko da tash shiga talabijin." Kwamfutar kuwa ya gyara ta tsaf, ita kaɗai ce a ɗakin ba ta da sunan kifi. Uwar Tsaki yake ce mata.

Mun yi masa dariya, mun more. Amma akwai ranar da bakin kowa ya mutu, kuma saboda ita ce na zauna rubuta wannan.

Wata mata ce ta zo daga Argungu, Malama Saratu, ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta, Malam Haruna, malamin makaranta ne. Ya yi shekaru yana bin tsofaffin masunta gida-gida yana rubuta abin da suka sani: sunayen kifaye har da waɗanda aka daina gani, sunan kowane gurbi a gulbi da dalilin sunan, yadda ake saƙa homa ta kamun kifi, wa ya haifi wa a gidajensu. Tsofaffin nan kusan duk sun rasu. Littattafan da ya rubuta da hannu gara ta cinye su a cikin adaka. Abin da ya rage kawai faya-fayai ne masu faɗi guda goma sha ɗaya cikin gwangwanin biskit, waɗanda ya buga aikin a kansu da wata tsohuwar kwamfuta ta makarantarsu da aka daɗe da zubarwa. Ta zaga duk masu sababbin kwamfutoci a Birnin Kebbi. Ko ramin da za a zura irin faifan babu a jikin nasu. Wani ma ya ce mata ta yi mafici da su. A ƙarshe aka ce ta je Gesse, akwai wani mai tara bola.

Ina nan ta zo, tare da yayanta. Ummaru ya buɗe gwangwanin, ya kai hanci, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Sun yi hunhuna. Malama, ban yi miki alkawari ba. Amma ki bar mini su."

Ta ce, "Malam, 'ya'yana ƙanana na. Ba su san ubansu sosai ba. Ina son su ga abin da yay yi da rayuwatai."

Kwana da kwanaki yana fama. Ya tsaga rigar kowane faifai, ya zaro na cikin, ya goge shi da auduga a hankali, ya shanya a inuwa. Cikin duk kifayensa, Kurungu ce kaɗai ke jin yaren da aka rubuta faya-fayan da shi. Ana cikin gwaji sai ɗan abin da ke karanta faifai a cikin Kurungu ya mutu murus. Ya nema a Birnin Kebbi babu, ya aika Sakkwato babu. Wuri ɗaya ne ake da irinsa: cikin Giwan Ruwa. Kuma yadda ya liƙe shi a can, in an ciro ba ya komawa.

Na same shi zaune gaban Giwan Ruwa da sukudireba a hannu, bai taɓa ta ba. Na so in yi masa tsiya, na ga ba ranarta ba ce. Na ce, "Ummaru, shekara nawa kana gina wagga? Matar nan ba ta san kana da ita ba. In kac ce abin ya gagara, ba mai zarginka."

Ya shafa murfin Giwan Ruwa. Sannan ya ce, "Giwa in na rasa ta, ni kaɗai ka jin zahi. Abin da ac cikin gwangwanin ga na mutanen gari guda na." Ya ce bismillah, ya kwance kusar farko. Kulu ta gaya mini ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Asabar ta zagayo, aka aika wa Malama Saratu. Bayan azahar muka taru a ɗakin: ita da yayanta, da Kulu a bakin ƙofa, da ni. Ummaru ya zura faifai na farko. Kurungu ta fara gurnaninta, gur-gur-gur. Daidai nan fanka ta tsaya cak. An ɗauke wuta.

Na ce, "Innalillahi!" Malama Saratu ta dafe kai. Sai na lura talabijin ɗin da ya jona Kurungu da shi bai mutu ba, Kurungu ma tana ta gurnani abinta. Ummaru ko gezau. Na bi wata jar waya da ido, ta bi ta ƙarƙashin teburi, ta shiga wani akwati da ya haɗa da hannunsa, daga nan ta kai ga wani batir a lungu. Batirin ya yi mini kama da wanda na sani. Na leƙa ta taga. Ga motata a ƙofar gida, gabanta a wangale.

"Ummaru! Batirina na wanga?"

"Sa'ad da kaka cin tuwon Kulu nic ciro shi. Yi shiru, Ɗan Gwaggo. Tun da kas sayi motag ga, yau ta fara amfani."

Kafin in sami abin cewa, rubutu ya cika fuskar talabijin. Sunayen abubuwan da ke cikin faifan ne, a jere. Malama Saratu ta matso, ta ga sunan mijinta a sama, ta rufe baki da gyale. Ummaru ya buɗe na farko. Mun zaci kifaye za mu gani. Abin da ya fito a layin farko shi ne: Abubuwan da ban iya gaya wa Saratu ba.

Ummaru na ganin haka ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya fuskanci bango. Ya ce, "Ni gyara nika yi, ba karatu ba. Ɗan Gwaggo, kai ma juya." Na juya. Yayanta ma ya sunkuyar da kai.

Can sai muka ji wani sauti, ba mu san kuka ne ko dariya ba. Ashe duka biyun ne. Ta ce, "Ku juyo, don Allah ku juyo ku ji mutumin ga." Ta karanta mana da kanta. Na ɗaya, wai gishiri yana yi wa miyar kukarta yawa tun ranar da aka kawo ta, amma ranar farko ya yaba, daga nan ya rasa hanyar janyewa. Na biyu, farantin tangaran na mahaifiyarta da ya fashe, ba kyanwa ba ce, shi ne. Ta tsaya ta ce, "Wallahi kwana uku ina korar kyanwan nan da tsintsiya!" Kulu ta zauna a ƙasa don dariya. Na uku kuwa, ta fara karantawa sai ta yi shiru. Ta karanta shi a zuci, ta sake karantawa, ta sa hannu ta shafi gilashin talabijin. Ba ta gaya mana ba, ba wanda ya tambaya.

Sauran aikin Malam Haruna ya fito, faifai tara cikin goma sha ɗaya. Biyu sun riga sun lalace, Ummaru ya yi ta ba ta haƙuri a kansu kamar shi ya ɓata su. Ya yi makonni yana buga mata shi a takarda, shafi bayan shafi, ta kai aka ɗinke. Yau 'ya'yan Malam Haruna sun girma, kuma na ga littafin a hannun babbarsu, ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi. Giwan Ruwa kuwa ba ta sake karanta faifai ba. Ya lulluɓe ta da wani zanen Kulu, ya bar ta a wurinta, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ni kuma ranar, da aka mayar mini da batir, ko tari motar ba ta yi ba. Yayan Malama Saratu da maƙwabta biyu ne suka tura ni har bakin titi. Ummaru yana tsaye a ƙofar gida, hannu a baya, yana ba da umarni: "Ku ƙara ƙarhi! Ɗan Gwaggo, sa ta lamba biyu! Haba, ko tura ma ba ta iya karɓa?"

Allah sarki, Ummaru.

Bayan an yi arba'in ɗinsa, Kulu ta kira ni in taya ta gyara ɗakin, a san yadda za a yi da kayan. Babban ɗansa ya ce mu buɗe su mu kakkaɓe ƙura kafin a mayar cikin kwalaye. Muka kwance murfin ta farko, sai ga 'yar takarda manne a ciki, da rubutunsa ɗin nan ƙanana masu tsafta. Sunan mutumin da ya fara mallakarta ne, da garin da ya fito, da inda aka samo ta. A ƙasa ya rubuta: In yana raye Allah ya ba shi lafiya, in ya rasu Allah ya sa ya huta. Muka buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka. Har wadda ya tsinta wajen 'yan gwangwan, wadda bai san mai ita ba, ya rubuta: Ban san sunanka ba, Allah ya san shi. Kulu da ta zauna da shi shekaru masu yawa ba ta taɓa sanin yana yin haka ba. Ta tattara gefen zanenta ta fita, ni kuma na ajiye sukudireban.

Ya Allah, ga bawanka Ummaru ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa haske a kabarinsa. Ka yi wa Kulu da 'ya'yansa sutura, ka riƙa musu. Mu da ya bari muna dariya da hawaye, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da shi a gidan Aljanna. Amin.